Zanen da Na Goge a Fuskar Malamina

Laifina ne, kuma gara in faɗi haka tun daga farko kafin in shiga kawo dalilai. Na yi wa mutumin da ya fi kowa yi mini alheri abin da bai kamata ba, na ɗora ƙarya a kai, sannan na kwashe shekara huɗu ina gudun haɗuwa da shi. Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce na manta da su, amma wannan ba na jin zai taɓa fita daga raina.

Sana'ata ɗaukar hoto. Ina da ɗan shago a Gumel, ba nisa da tasha, inda nake yi wa mutane fasfo, in kuma je biki ko suna in an kira ni. Karatuna bai yi zurfi ba. Sakandare kawai na yi, a wata makarantar jeka-ka-dawo a ƙasar Gagarawa, ita ma da ƙyar na kai ƙarshe, domin lissafi ya ƙi ni na ƙi shi. Mutumin da nake magana a kansa shi ne malaminmu na lissafin.

Malam Bamange ne, wato jinin Barebari, dogo, baƙi, mai zanen gado a fuska: layuka dogaye a kowane kunci tun daga gefen ido har haɓa, da guda ɗaya a goshi da ya sauko bisa karan hanci. Ni kuwa Bafulatani ne, kuma kowa a ƙasarmu ya san wasan da ke tsakaninmu da su. Ranar da ya fara shigowa ajinmu yana kiran suna, da ya zo kaina sai ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce ashe gwamnati ta tuna da shi ta aiko masa da bawa. Daga ranar sunana ya ɓace, na koma "bawana". In allo ya cika, bawana ne zai goge. In na faɗi jarrabawa, sai ya ce ba laifina ba ne, shanu na saba ƙirgawa da sanda. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce masa ai layukan fuskarsa ma sun ishe mu koyon ƙirga, ba sai an wahalar da alli ba. Kowa a ajin yana jiran bulala. Malam ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce yau ce rana ta farko da bawansa ya ba da amsa daidai.

Da sakamakonmu ya fito ban samu abin kirki ba, mahaifina ya ce in koma gona kawai. Malam ne ya tako har gidanmu a Gagarawa Tasha, ya ce masa yaron nan kansa bai kama lissafi ba, amma idonsa da hannunsa suna da kyau, domin ya sha ganin zane-zanen da nake yi a bayan littafi lokacin da ya kamata in saurare shi. Shi ya ɗauko ni a bayan babur ɗinsa ya kawo ni Gumel wurin wani mai hoto, ya ce a koya mini. Duk abin da nake ci yau da iyalina, daga wannan tafiyar ya fito.

Bayan na yi wasu shekaru da buɗe shagona, wata rana malamar Turanci ta makarantar ta zo wurina. Kirista ce 'yar Filato, amma ta daɗe a Gagarawa har Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta ciro wani tsohon littafi daga jakarta, na makarantar da ta yi tana yarinya. A ciki akwai hoton kowane ɗan ajin ƙarshe, da sunansa da garinsu da abin da yake son ya zama, sai kuma hotunan malamai. Ta ce 'yan aji shida na bana sun gani sun nace su ma sai an yi musu, kuma shugaban makaranta ya yarda, da sharaɗin littafin ya ɗauki nauyin kansa: a sayar wa 'yan kasuwa shafukan talla, a sayar wa iyaye da tsofaffin ɗalibai littafin ranar bikin yaye. Sannan ta ƙara da cewa Malam zai yi ritaya a wannan shekarar, don haka yaran sun ce shafin farko nasa ne shi kaɗai, hoto babba. Ban bari ta gama ba na ce na karɓi aikin.

Sati biyu muka yi muna ɗaukar yaran. Na rataya shuɗin ƙyalle a bangon wani aji, muka ajiye kujera ɗaya. Kwat guda ce ta shugaban makaranta, ita samarin suka yi ta karɓa-karɓa, mai jiki da siriri, har da wanda hannun rigar ya rufe masa yatsu. 'Yan mata kuwa madubi ɗaya ne tsakaninsu, kowace sai ta gyara hijabi sau biyar, ta zauna, ta sake tashi. A takardar da Malama ta raba musu, kusan rabin ajin sun rubuta suna son zama likita. Yaro ɗaya ne ya rubuta dillalin shanu, Malama ta ce kada a taɓa masa, shi kaɗai ne ta tabbata zai cika alkawari.

Neman masu talla ne ya ba mu wahala. Wata Alhamis muka tafi kasuwar Maigatari, ni da kyamara a wuya, Malama da tsohon littafinta, muka bi rumfa-rumfa tun hantsi har la'asar. Wani ya ce shi buhunan riɗinsa ba sa kwana, me zai yi da talla. Wani ɗan Damagaram ya jujjuya littafin, ya ce ba zai sa fuskarsa a inda ba zai iya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinta ba. Muka dawo ba ko shafi ɗaya. 

Mutum ɗaya ne ya bari na ɗauke shi, wani Alhaji mai sayen zoɓo, shi ma don in rabu da shi ne. Haƙorinsa ɗaya na gaba ya fita, rana ta ƙona masa fuska, ga wani tabo a gira. Da na koma shago na sa hoton a kwamfuta, sai na ce bari in gwada gyaran hoton da ban daɗe da koyo ba. Na mayar masa da haƙori, na share tabon, na ɗan haska fatar, na gyara zaman hula. Da Alhamis ta zagayo na kai masa a takarda mai sheƙi. Ya riƙe ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito maƙwabtan rumfarsa.

"Ku zo ku gani," in ji shi, "ashe haka nake. Shekara da shekaru madubin gidana yana cutata."

A ranar ya ɗauki shafi guda cikakke, kuma kafin mu bar kasuwa wasu sun bi shi. Wani mai raguna ya ce shi fuskarsa ba ta dame shi ba, ragon za a ƙara wa ƙiba da ƙaho. Ɗan Damagaram ɗin ma ya aiko a kira ni, ya ce ya sake tunani, karatun ba dole ba ne. Cikin sati uku shafukan talla suka cika.

Labari ya koma makaranta, yaran suka riƙa tare ni a bakin ƙofa. Samari suna son a share musu ƙuraje, wasu har a ƙara musu saje. 'Yan mata suna son a ɗan haska su. Na yi wa kowa. Na fitar da 'yan shafuka na gwaji, Malama ta ba yaran su kai gida su nuna, kuma ba a yi kwana biyu ba iyaye suka fara aikowa a rubuta sunansu a ajiye musu littafi. Wata tsohuwa daga wani ƙauye ta tako da ƙafa har makaranta don ta ga mai hoton da ya mayar da jikanta kamar ɗan birni, ta sa mini albarka har na ji kunya. Nan kaina ya fara girma. Na soma jin cewa na fi mutane sanin fuskar da suke so.

Malama ta lura. Ta ce mini ƙuraje baƙi ne, za su tafi da kansu, in na share ba komai, amma abin da mutum zai tsufa da shi in bar masa kayansa. Na ce to. A raina kuwa na ce ita Turanci ta sani, hoto nawa ne.

Malam ne na ƙarshe da muka ɗauka, domin ƙi ya yi. Shi ba mai son hoto ba ne, in ban da ɗan fasfo na katin aiki ba shi da ko ɗaya. Sau uku Malama tana zuwa yana cewa a sa hoton allo a madadinsa, shi ne ya sha wahala. A karo na huɗu muka je tare, muka same shi a gindin darbejiyar da ke bakin ofis yana duba takardun yara. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce bawansa ya yi ƙiba, da alama ya daina bin shanu. Muka yi ta lallashi. Can sai ya ajiye biro ya ce zai yarda, amma yana da dalili.

Ya ce a gidansu shi kaɗai ya rage mai zane. Yayyensa duk sun rasu. 'Ya'yansa ba a yi musu ba, shi da kansa ya hana wanzami, domin zamani ya canza, kuma bai yi nadamar hanawar ba. Amma yanzu jikokinsa in sun hau cinyarsa sai su shafa kuncinsa su tambaye shi wa ya yakushe shi. Mahaifinsa bai bar hoto ba, in yana son ya tuna fuskarsa madubi yake dubawa, don zanensu iri ɗaya ne. Ya ce ranar da aka binne shi an binne zanen gidansu ke nan. Shi ya sa yake son hoto ɗaya babba, wanda yaran za su buɗe bayan ba ya nan su ga yadda fuskar mutanensu take.

"Bawana," ya ce, "ka matso da na'urar taka sosai. So nake su fito ɗaya bayan ɗaya, yadda za a iya ƙirgawa."

Na kawo wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban sani ba. Na sani. Da kunnena na ji.

Washegari ya zo da farar babbar riga da doguwar hula mai aiki. Na zaunar da shi kusa da taga yadda haske zai bugo ta gefe, na matso kamar yadda ya ce. Har yau ban ɗauki hoton da ya kai wannan kyau ba. Kowane layi ya fito da zurfinsa, ga idonsa kamar zai yi magana. Na nuna masa a bayan kyamara, ya gyaɗa kai ya ce ashe ɗan Fulani yana da amfani.

Ranar da na zauna haɗa shafuka, na jera hoton Malam kusa da sauran. Kowa a littafin fuskarsa sumul, 'yan kasuwa kamar gwamnoni, yara kamar 'yan fim. Shi kaɗai ne ya fito da tsufansa da zanensa, sai na ga kamar shi ne ɗan ƙauye a cikinsu, alhali a wurina ya fi su duka daraja. Ga shi kuma da hotonsa muke sa ran jawo tsofaffin ɗalibai masu aiki a Dutse da Kano su saya. Na ce bari in ɗan rage yamutsewar goshin kawai. Da na rage, sai layin goshin ya tsaya shi kaɗai yana kallona, na taɓa shi. Da ya tafi, sai na kunci suka yi kamar sun yi yawa. Na share na dama don in ga yadda zai yi, fuskar ta koma ta ɗan shekara arba'in. Daga nan ba yadda za a yi a bar na hagu.

Ba wai na manta maganarsa ba ne, tana cikin kaina ina yi. Amma na ce wa kaina ai kowa haka yake faɗa, Alhaji mai zoɓo ma da farko cewa ya yi ba ya so. In Malam ya ga ya koma saurayi zai yi dariya ya ce bawansa ya iya aiki. Na ajiye sabon hoton a kan tsohon, na asalin ya fita daga kwamfuta. Ranar Asabar ina da biki, na share katin kyamarar don in samu wuri. Malama ta duba kowane shafi kafin in kai Kano a buga, ban da na farko. Na ce mata wannan sai ranar biki, ba-zata zan yi wa kowa.

Littattafan sun iso daga Kano da safiyar ranar yaye, a cikin kwalaye, shugaban makaranta ya ce ba wanda zai buɗe sai Malam ya karɓi na farko. An kafa rumfuna a filin makaranta, iyaye sun cika, tsofaffin ɗalibai sun zo daga nesa. Bayan an gama jawabai aka kira Malam aka miƙa masa, yara suna ta tafi. Ina tsaye kusa da shi don in ɗauki murnarsa. Ya buɗe shafin farko ya duba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake dubawa. Sai ya juya wurin shugaban makaranta ya tambaye shi a hankali wane ne wannan.

Kafin a ba shi amsa, wani dattijo Bafulatani daga cikin iyaye da ya leƙo ta kafaɗarsa ya fashe da dariya, ya ɗaga murya ya ce jama'a su zo su gani, yau ɗan Fulani ya rama, ya wanke Babarbare tas. Dariya ta kama rumfar gaba ɗaya. Kowa ya ɗauka wasa na shirya, aka yi ta ce mini na iya tsiya. Kuma abin da ke cikin wasan nan namu shi ne ba a fushi da shi. Da Malam ya ɓata rai a gaban mutane, laifinsa za a gani, a ce dattijo ya kasa ɗaukar tsiyar abokin wasa. Don haka ya yi murmushi, ya ɗaga littafin sama ya nuna wa jama'a, aka ƙara tafi. Ni da nake kallonsa ta cikin kyamara ne na ga lokacin da ya kai hannu ya shafa kuncinsa, kamar mai son ya tabbatar suna nan.

Dariyar nan ce ta sayar da littafin. Kowa yana son ya ga shafin da aka wanke Malam, layi ya kai har bakin titi. Alhaji mai zoɓo ya ɗauki goma, ya ce zai raba wa surukansa. Kafin la'asar kwalayen sun zama fanko.

Da taro ya watse Malam ya yafito ni. Ya tambaye ni me ya faru, ba da faɗa ba. A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, kuma da na faɗa da abin bai kai haka ba. Sai na ji bakina yana cewa injin Kano ne, sabo ne, duk layin da ya gani a fuska ɗauka yake datti ne ya share. Malam ya yi mini irin kallon da yake yi mini a aji in na ce na yi aikin gida, mantawa na yi da littafin.

"To, Allah ya kyauta," in ji shi. "Sannu da ƙoƙari, mai hoto."

Tunda nake da shi bai taɓa kirana da wani suna ba sai bawana. Ya karɓi guda ukun da tun farko ya sa aka ajiye masa don 'ya'yansa, ya ɗaure a bayan babur ya tafi.

Washegari Malama ta zo shago. Ba ta zauna ba. Ta buɗe shafin ta ajiye a gabana, ta ce wannan inji mai hankali ne, ya bar aikin hula, ya bar ɗinkin wuyan riga, layin fuska kaɗai ya gani. Ta ce in ba ta ainihin hoton ta kai a wanke masa babba. Da na gaya mata babu shi, sai ta ce hanya ɗaya ta rage, in tashi yanzu in je in gaya masa da bakina. Na ce zan je. Ban je ba. Bayan kwana biyu sai na roƙe ta ta gaya masa ina son in sake ɗaukarsa. Ta kai saƙon ta dawo da amsa: ya ce an yi sau ɗaya ya isa, kada mai hoto ya wahalar da kansa. Sai daga baya na gane ba hoton ya ƙi ba, aiken ya ƙi. Wata ɗaya bayan haka ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu a ƙasar Sule Tankarkar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin ya buɗe mini kasuwa. Makarantar ta mayar da shi al'ada, kowace shekara ni ake ba, wasu makarantu a Maigatari da Gumel su ma suka nemi a yi musu. Na sayi sabuwar kyamara, na faɗaɗa shago. Ban ƙara goge wa kowa zane ko tabo ba, amma wannan bai mayar wa Malam nasa ba. Duk littattafan da na yi suna jere a shago don masu zuwa su gani, ban da na farkon, shi yana ƙarƙashin kaya a akwati. In na ji 'yan fansho za su shigo Gumel tantancewa, sai in rufe shago in ce na tafi aiki. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a bakin tasha, na laɓe a bayan wata adaidaita, amma ya riga ya gan ni. Ya tsaya ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa baƙo. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kullum ina cewa bayan salla zan je, bayan girbi zan je, har shekara huɗu ta cika.

Sai wata rana babban ɗansa ya kira ni a waya, ya ce za a aurar da 'yarsa, jikar Malam ta fari, kuma tsohon ya ce ba wanda zai ɗauki hoton bikin sai ni. Na nemi uzurin da zan ba shi na rasa. Ranar na hau babur na kama hanya, rairayi yana ta kama taya, sau biyu ina tsayawa ina tunanin juyawa. Na isa ana ɗaurin aure a ƙofar masallaci, na ɓuya a bayan kyamara ina ta ɗauka. Na hango shi a sahun gaba, ya rame, gemun ya yi fari fat. Bayan an shafa fatiha an ci abinci, aka zo aka ce mini Malam yana kirana a zaure.

Na same shi shi kaɗai a kan buzu, littafin yana gefensa, bangon ya yi laushi saboda yawan buɗewa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya buɗe shafin farko ya miƙo mini.

Zanen yana nan. Da baƙin biro aka mayar da shi, layi bayan layi, kowanne a miƙe, da gani ka san da rula aka ja. Ya ce shi ya yi, satin da ya dawo gida. Ya jingina madubi a bango ya zauna yana dubawa yana ja. Littafi na farko ya lalace don biron ya yi amai. A na biyu hannunsa ya goce a karan hanci. Wannan na ukun ne ya ɗan yi dama-dama. Ya ce matsalar ɗaya ce, ƙananan jikokin yanzu sun ɗauka na fuskarsa ma biro ne, har wata ta taɓa lasar yatsa ta ce bari ta goge wa Kaka. Yana faɗa yana dariya, ba ko alamar gori a muryarsa. Ni kuwa na kasa ɗaga kai daga takardar. Tsohon da ya haura sittin ya zauna gaban madubi da rula, yana mayar da abin da na share cikin minti goma.

Sai ya ce dalilin da ya sa ya kira ni ke nan. Ƙarfi yana raguwa, biro kuma yana dushewa.

"Shin an gyara injin nan na Kano kuwa?" ya ce. "In an gyara, ina son mu sake gwadawa."

Mun sake ɗauka a ranar da la'asar, a bakin zauren. Ban taɓa komai a cikin hoton ba, kuma yana rataye a can har yanzu, jikokin suna hawa kujera su ƙirga. Ya kuma yafe mini, tun kafin mu tashi daga kan buzun. Abin da na koya shi ne in mutum ya zauna a gabanka ya ba ka fuskarsa, amana ya ba ka, ba kai za ka zaɓar masa abin da zai rage a cikinta ba, ko da kuwa ƙauna ce ta sa ka. Na kuma koyi cewa gogewar ba ta wuce minti goma ba, ƙaryar ce ta cinye mana shekara huɗu, shi da ni, kuma shekarun tsoho ba su da yawa da za a yi wasa da su.

Amma kafin duk wannan, sai da na cire kyamarar daga wuyana na ajiye a ƙasa, na gyara durƙuso, na ce masa:

"Malam, babu wani inji. Ni ne. Da hannuna na goge, ɗaya bayan ɗaya, kuma ina gogewa ina tune da abin da ka ce mini. Na ga kamar na fi ka sanin abin da ya dace da fuskarka. Da ka tambaye ni na yi maka ƙarya, da ya kamata in zo na yi aike, da na gan ka a tasha na ɓuya. Kai ka kai ni inda na koyi sana'ar nan, kuma da ita na cuce ka, na cuci jikokinka. Don Allah, Malam, ka yafe mini."